Na Tarbo 'Yata Daga Ƙasar Da Ba Ta Je Ba

Jama'a, yau na je filin jirgi tarbar 'yata daga ƙasar waje. Abin da ya ɗan rage wa tafiyar armashi shi ne tasi ɗaya muka shiga ni da ita tun daga ƙofar gida. Tana baya tsakanin uwarta da kakarta, ina gaba kusa da direba, akwatinta yana but. Direban ya ga akwati, ya ga ƙatuwar rigar sanyi a cinyarta, sai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ina za a tashi?" Na ce masa ba tashi za ta yi ba, sauka za ta yi. Ya dube ni, ya dubi titi. Ina kallonsa lokacin da ya ɗan matsa jikin ƙofarsa.

To ku kada ku matsa, lafiyata ƙalau. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Yarinyar ita ce babba a gidana. Injiniya muke ce mata tun tana firamare, tun ranar da ta kwance kan famfon tsakar gida wai tana son ganin inda ruwa yake ɓuya. Ba ta same shi ba, don mu ma da muka girme ta har yau nemansa muke yi. Yanzu tana jami'a tana karanta yadda ake tace ruwan sha. Ni kuwa kun san ni, gyaran fanka da dutsen guga nake yi a 'yar rumfata ta bakin titi, in hannu ya huta in rubuto muku abin da ke cina.

Farkon shekarar nan wata makaranta a ƙasar waje ta ce a turo mata ɗalibai su yi zangon karatu ɗaya a ɗakin gwaje-gwajenta. Aka yi jarrabawa, Injiniya ta ci, ita da abokan karatunta 'yan kaɗan da ba za su cika ƙaramar bas ba. Makarantar ta ɗauki nauyin karatu da masauki. Abin da ya rage tikitin jirgi ne da sa hannu, su kuma suna wajen wata hukuma tamu mai albarka wadda ba zan kira sunanta ba, don ina da iyali.

Ba yawo ne ya fi damun yarinyar nan ba, ko da yake ita da ƙawayenta sun riga sun tsara yadda za su hau jirgin ƙasa ranar hutu su je su ga teku. Akwai wata na'ura da take yawan nuna mini hotonta a littafi, wadda ake ɗiga mata ruwa ta faɗi duk abin da ke cikinsa. Tun shigarta jami'a take zana na'urar nan a jarrabawa, tana sa wa kowane sashe suna, tana cin maki, amma ba ta taɓa ganinta ido da ido ba. Ranar da sakamako ya fito ta ce mini, "Baba, ni so nake kawai in taɓa ta da hannuna." Na shiga bayan rumfa kamar zan ɗauko sukundireba, na share idona.

Gida ya rikice da shiri. Uwar yara ta shiga kasuwar gwanjo ta dawo da rigar sanyi mai nauyin katifa. Tsohuwata, wato kakar yarinyar, ta zaunar da ita tana yi mata huɗuba: kada ta leƙa tagar jirgi, kada ta karɓi abin hannun wanda ba ta sani ba, kada ta dawo tana magana ta hanci. Ƙannenta kowa ya faɗi tsarabarsa. Ni kuma na ɗauki ƙafa zuwa hukuma.

Shugaban wurin, Allah ya ƙara masa lafiya da faɗin kujera, ana yi masa laƙabi da Mai Girma Uban Ɗalibai. Ban taɓa ganinsa ba a lokacin, sai hotonsa a bango yana murmushi. Wanda muke gani shi ne akawun da ke gadin ƙofarsa, wani siriri mai tabarau da iyayen yara suka raɗa wa Dawo-Gobe. Mutumin kirki ne, ba ya tsawa, ba ya kora. Zai ba ka kujera, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sallame ka hannu biyu babu komai a ciki.

Da zuwan ya yi yawa, wata rana na ce, "Ranka ya daɗe, makarantar can fa ta ce ƙarshen wata take rufe rajista."

Ya cire tabarau ya goge. "Baban Injiniya, kai uba ne. Za ka yarda a ɗauki 'yarka a jefa ƙasar da ba a san gadon da za ta kwana ba?"

"A'a."

"To shi ma Mai Girma bai yarda ba. Shi ya sa zai sadaukar da kansa, ya je da tawaga ya dubo makarantar. Da sun dawo da rahoto, yara za su tashi."

Wallahi har godiya na yi. Na fito ina cewa ashe har yanzu akwai shugabanni masu tsoron Allah.

Tawagar sadaukarwa ta tashi ranar da ya kamata yaran su tashi. Maƙwabcina mai facin taya, wanda muke kira Rediyo saboda ba ya kashe rediyonsa kuma ba ya kashe bakinsa, shi ya kawo mini hotonsu a waya. Na ƙura ido ina neman masana. Ga Mai Girma a tsakiya. Ga uwargidansa, wai ita za ta duba ɓangaren ɗalibai mata. Ga ƙanwar uwargida, wai mataimakiyarta. Ga ɗansa na fari a matsayin tafinta, yaron da na ji an ce harshen gida ma da ƙyar yake kai shi ƙarshen jimla. Ga amininsa tun na ƙuruciya, mai sayar da labule, an rubuta shi masanin yanayi. Mai ɗaukar hoton kuwa suruki ne, shi ya sa ba ya ciki.

Na ce, "Rediyo, wannan ai taron dangi ne."

Ya ce, "Kai ba ka san aiki ba. In mutum zai duba ko wuri ya dace da 'ya'yan mutane, da wa zai gwada in ba nasa ba? Ka ga shugaba adali, ya sa iyalinsa a gaba, in da haɗari su fara gamuwa da shi."

Kuma sun gamu da shi, don hotuna sun riƙa zuwa. Da yake yaranmu ruwa za su karanta, tawagar ba ta yi wasa da ruwa ba. Mun gan su a cikin kwalekwale. Mun gan su gaban wani ruwa mai zubowa daga dutse, kowa da leda a ka. Mun ga masanin yanayi a wurin ninkaya na otal, ruwa iya wuya, yana bincike. Da suka gama da ƙasar, sai suka tsallaka ta kusa da ita don su kwatanta, daga nan suka shiga ta gaba don kada ta ji haushi. Tekun nan da Injiniya da ƙawayenta suka ci burin gani, ƙanwar uwargida ta gano musu shi, har ta tsoma ƙafa.

A gida kuwa akwati yana jingine bayan ƙofar falo, an ɗaure shi tamau. Duk abin da yarinyar take so a ciki sai ta kwance ta ɗauka ta sake ɗaurewa, don ta ƙi yarda a mayar da kayan cikin ɗaki. Wata ya ƙare. Rajista ta rufe. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta daina nuna mini littafin.

Ana nan wata safiya ina kwance cikin wata fanka, sai Rediyo ya ƙwala mini kira, ya ƙure muryar rediyonsa. Ga Mai Girma ya dawo yana jawabi. Ya ce sun ziyarci ɗalibanmu da ke karatu a ƙasar waje, sun same su lafiya lau, sun yi ɓulɓul, malamai suna yaba hazaƙarsu. Ya ce ya ja kunnensu su riƙe tarbiyya, kuma sun ba shi saƙon gaisuwa ga iyayensu.

Rediyo ya miƙo mini hannu. "Barka! Ashe ta tafi ba ka faɗa ba?"

Na nuna masa tsallaken titi. Ga Injiniya can da jarka biyu tana jiran mai kurar ruwa.

Ya dube ta, ya dubi rediyonsa, ya rasa wanda zai ƙaryata. Can ya ce, "To ai ba a ce ba ta nan ba. Cewa aka yi tana can."

Daga baya na ji yadda abin ya faru. Tun kafin a fasa tura yaran aka rubuta jawabin, shi kuma Mai Girma duk abin da aka ajiye a gabansa karantawa yake yi, da murya mai daɗi kuwa. Makarantar ma sun je ta, kada a zalunce su. Ranar hutu suka je, ƙofa a rufe. Suka tsaya bakin get, suka tare wasu samari da 'yan mata masu jakar goyo da suke wucewa, aka yi hoto, Mai Girma ya yi musu nasiha, su kuma suka yi ta gyaɗa kai don ba su san me yake cewa ba. Shi har ga Allah ya ga ɗalibai.

Washegari na sa yarinyar a gaba muka tafi hukuma. Na tsayar da ita gaban teburin Dawo-Gobe na ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗaya daga cikin waɗanda suka yi ɓulɓul."

Ya tashi da sauri ya tura ƙofa. "Baban Injiniya, rufa mini asiri. Me ya kawo ta nan?"

"Tasi."

"Wannan da kake gani, a wurinmu tana can."

"To wa ke cin abincina?"

Ya rage murya. "So kake ka ce Mai Girma ya yi kuskure?"

Na ce ni na isa? Ya ce to shi ma bai isa ba, mataimaki bai isa ba, duk ginin nan daga sama har ƙasa babu wanda ya isa. Tunda aka kafa wurin ba a taɓa shiga ofishin can aka ce "ranka ya daɗe, ba haka ba ne" ba. In Mai Girma ya faɗi magana, aikin ma'aikata shi ne su gyara duniya ta dace da ita. Sannan ya roƙi Injiniya, cikin ladabi, ta rage fita da rana.

Haka 'yata ta yi zangonta na ƙasar waje tsakanin falo da rumfata. Ta koyi naɗin waya a injin fanka, har ta fi ni tsabtar hannu. Masu kawo gyara da suka ji jawabin sukan tambaye ni labarinta alhali ita ce ta karɓi fankar a hannunsu. Sai dai Allah bai bar mu haka ba. Wata malama a makarantar can, da ta ga kujera babu kowa, ta nemi yaran ta waya ta ji labari. Matar nan ta ce ba ta gane ba, aka sake yi mata bayani, ta ce har yanzu ba ta gane ba, amma za ta riƙe musu gurbinsu zuwa zango mai zuwa in hukumarsu ta sa hannu. Ranar Injiniya ta ci abinci har da ƙari, littafin ma ya sake fitowa.

To shekaranjiya ina zaune sai ga mota ta tsaya gaban rumfa, Dawo-Gobe ya fito da kansa. Na ɗauka fankarsa ce ta lalace. Ya zauna kan bencina ya ce akwai 'yar matsala: zango ya ƙare, Mai Girma yana tambaya yaushe 'ya'yansa za su dawo, yana son ya tarbe su da kansa, da 'yan jarida.

Na ce, "Sai ku gaya masa gaskiya."

Ya yi dariya kamar na ba da labarin ban dariya. "An riga an kama wuri a filin jirgi. Abu ne mai sauƙi. Yara su zo da akwatunansu, mu shigar da su ta ƙofar ma'aikata, su fito ta ƙofar masu sauka. A tafa, a yi hoto. Yana cikin farin cikin nan sai ita Injiniya ta matsa ta roƙe shi zancen zango mai zuwa. Na san shi, in yana gaban kyamara ba ya cewa a'a."

Da na kai maganar gida, uwar yara ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Injiniya ta ce, "Baba, ƙarya ce fa." Na ce ƙarya ce, amma ba tamu ba ce, aro za mu yi na ɗan lokaci mu mayar wa masu ita. Na ce in ba ta wannan ƙofar ba, ta ina za mu ga mutumin nan? Ta tashi, ta je ta ɗauko rigar sanyin ta kakkaɓe.

Shi ne yau muka je. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo masu bushe-bushe. Dawo-Gobe ya tattara yaran a bayan gini kusa da inda ake tura amalanken kaya, yana ba su darasi: kowa ya sa rigar sanyi, a yi tafiyar gajiya, in an tambaye ku ku ce akwai sanyi amma mun jure. Rana kuwa ta take, gumi yana bin yaran nan har cikin takalmi. Wani uba ya tambaya ko za a bari su ɗan leƙa cikin jirgi, ko don su san abin da za su faɗa. Aka ce ba su da tikiti.

Mu iyaye aka zaunar da mu gaba. Ƙofar gilashi ta buɗe, sai ga su sun fito a jere suna jan akwati. Jama'a, ban san me ya same ni ba, sai na miƙe ina tafi da gaske. Tsohuwata kuwa ta fi ni. Ta ture mai gadi, ta rungume jikarta tana kuka tana cewa, "Wayyo 'yar nan, kin rame! Ba sa ba ku abinci ne?" Matar da suka karya kumallo tare, a kwano ɗaya. Rediyo, wanda ya biyo mu a kan babur, ya matso yana tambayar tsarabarsa.

Mai Girma ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan wahalar da ya sha don yaran nan. Ya ce har yanzu ƙafar uwargida ba ta warware daga yawan tafiya ba. Aka miƙa wa kowane ɗalibi takardar yabo mai zanen zinariya a gefe, aka yi hoto. Wani ɗan jarida ya kai wa Injiniya makirufo ya ce, tunda ruwa ta karanta, yaya ta ga ruwan can?

Ta ce, "Sai dai ku tambayi Mai Girma, shi ya shiga ciki."

Wuri ya ɗauki dariya, shi ma ya yi har yana riƙe ciki, ya ce yarinyar nan akwai kai. Dawo-Gobe ya ƙifta mata ido. Ta matsa, ta rusuna, ta ce, "Ranka ya daɗe, makarantar ta ce za ta karɓe mu zango mai zuwa. Sa hannunka kawai ake jira."

Ya dafa kanta kamar uba. Ya juya wajen kyamara don kowa ya ji.

"Haba 'yata. Kin je sau ɗaya, ai sai a bar wa 'yan baya su ma su ɗana. Dokarmu ce, ɗalibi ba ya cin gajiyar shirin nan sau biyu. Ni ba na son son kai."

Aka tafa masa. Na waiga neman Dawo-Gobe, na hango ƙeyarsa tana shiga mota. Yarinyar tana tsaye da takardar yabo a hannu, shaidar da ita da kanta ta karɓa gaban duniya cewa ta je ta dawo. Ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na fi samun sauƙi.

A hanyar komawa tsohuwata ta yi ta tambaya ko can ma suna da sauro. Wani jirgi ya taso ya bi ta saman tasinmu, ƙararsa ta cika motar. Injiniya ta sunkuya ta taga ta bi shi da ido har ya shige gajimare, sannan ta gyara zama ta ce, "Baba, gobe akwai fankar matar nan mai shago, kada mu manta." Na ce to. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma babu wanda zan kama, don kowa a wurin nan ya yi mini fara'a.

Da muka iso, Rediyo ya riga mu, yana jirana da sabon labari. Wai saboda gagarumar nasarar da aka samu, Mai Girma zai sake jagorantar tawaga wata mai kamawa, su je su yi wa makarantar godiya. An ce wannan karon har da surukarsa, don ba ta samu zuwa na farko ba.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya. Roƙona ɗaya ne, ranku ya daɗe: in Allah ya sa kun tarar da ƙofar a buɗe, akwai wata na'ura a ɗakin gwaje-gwaje da ake ɗiga wa ruwa. Don Allah wani a cikinku ya taɓa ta da hannunsa, ko da mai labulen ne.